Azurfar da Aka Goge Gefe Ɗaya

Akwai wani mutum manomi, yana da gona a bakin fadama da shanun huɗa biyu. Yana kuma da mata wadda ba ta da yawan magana, amma duk ƙauyen babu mai tsabtar kwanuka kamarta. In ta jera su a rana, kaji sukan tsaya suna kallon kansu a ciki. Shekararsu uku da aure, amma har yanzu Amarya yake kiranta.

A gidan nan akwai wata tsohuwar azurfa, kuɗin mutanen dā, faɗinta kamar yatsu biyu a haɗe. Gefe ɗaya hoton wata mace ne daga kai zuwa kafaɗa, ta juya fuska tana kallon nesa. Ɗaya gefen kuma tsuntsu ne ya buɗe fukafukai. Kakan mutumin ne ya samo ta sa'ad da yake ɗaukar kayan fatake, madugu ya ba shi ranar da ya tsamo masa jaki daga kogi. Sau biyu maƙeri ya roƙa a ba shi ya narkar ya yi munduwa, kakan ya ƙi. Ko a huda ta a rataya a wuya bai yarda ba. Aka naɗe ta a tsumma, aka sa a ƙasan tulun da ake ajiye irin gero. A can ta zauna shekara da shekaru, har ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

Ana nan, da bazara, sai ɗaya daga cikin shanun ya mutu. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ran kasuwa mutumin ya dawo gida yana sauri. Ya ce, "Amarya, na gamu da wani dattijo mai tara kuɗin mutanen dā. Ina kwatanta masa azurfar Kaka, sai ya ajiye ƙoƙon kunun da ke hannunsa. Ya ce in dai irin ta farko ce, za ta saya mana sa har da igiyarsa. Gobe da yamma zai zo."

Ta ce, "Maigida, wannan baƙar abar za ka nuna wa baƙo?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke kam, da za ki samu dama, inuwar mutum ma sai kin wanke. Ki ciro ta kawai ki ajiye."

Kashegari ya tafi sharar gona. Matar ta ciro azurfar, ta kwance tsumman, ta duba, ranta bai kwanta ba. Mahaifiyarta ta koya mata cewa ba a miƙa wa baƙo abu da dauɗa. Ta ce a ranta, zai koma garinsu ya ce matar gidan nan ƙazama ce. Sai ta ɗebo toka, da yashi mai laushi, da rabin lemun tsami, ta zauna a gindin mangwaro.

Ta fara da gefen tsuntsu. Ta goga, ta ɗauraye, ta sāke gogawa. Baƙin yana fita, haske yana shiga. Ta ga 'yan ƙananan layukan fukafukan suna ɓacewa, ta ɗauka dauɗa ce take fita, ta ƙara ƙarfi. Ba ta bari ba sai da gefen ya yi fari tas kamar wata ran sha huɗu.

Sa'an nan ta juya ta. Ta lakato toka a yatsa, za ta shafa a fuskar macen nan, sai hannunta ya tsaya. Ba ta taɓa kallonta da kyau ba sai yau. Ga haɓa, ga ɗan kunne, ga gashi a naɗe. Ta ce a ranta, ke kuwa wace ce, me kike kallo haka?

Iska tana kaɗa ganyen mangwaro, kurciya tana kuka a kan danga. Matar ta ga kamar tana bin azurfar a baya a baya. Ta gan ta sabuwa a hannun maƙerin wata ƙasa mai sanyi, da sauran ɗuminta. Ta gan ta cikin akwati a jirgin ruwa, ruwa ko'ina ba gaɓa. Ta gan ta a jakar fata a wuyan raƙumi, tana kwana cikin yashi tana tashi cikin yashi. Wani ya sayi gishiri da ita, wani ya sayi goro. Wata uwa ta ƙulle ta a gefen zane a shekarar yunwa, ta kwance, ta sāke ƙullewa. Ta ga wani saurayi jiƙe sharkaf a bakin kogi, riƙe da igiyar jaki, ana sa masa ita a tafin hannu, fuskarsa kuwa irin ta mijinta ce sak. Kowane hannu ya taɓa ta ya wuce, macen nan tana nan tana kallon nesa.

Tokar ta bushe a yatsanta. Inuwa ta bar gindin mangwaro ba ta sani ba, sai sallamar mijinta da dattijon ta ji a ƙofar gida.

Ta tashi a firgice, kunya ta rufe ta. Ta ɗora azurfar a kan faifai, gefen mai haske a sama, ta kai wa mijinta da baƙon a zaure, ta koma bakin ƙofa ta raɓe.

Dattijon ya ciro ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu ya duba. Ya ƙara matso da ita kusa da ido. Can ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Ta ce a hankali, "Ni ce, Baba. Ka yi haƙuri, ban gama ba. Ɗaya gefen ban kai gare shi ba."

"Ba ki gama ba?" Ya yi maza ya juya azurfar, ya ga baƙin nan yadda yake. Ya sauke numfashi ya ce, "Mun gode Allah da ba ki gama ba."

Mijin ya ce, "Baba, ba mai hasken ya fi kyau ba?"

Dattijon ya ce, "In haske nake nema, ai murfin kwano ma yana ƙyalli. 'Yata, matso ki gani. Wannan baƙin da kike jin kunyarsa, shi ne shekarunta. Babu maƙerin da zai iya yinsa, babu kasuwar da ake sayar da shi. Kin ga wannan 'yar alama a ƙarƙashin kafaɗar matar? Ita ce hannun wanda ya yi ta, da ita nake gane ta farko ce. Da yashinki ya bi ta nan, da sai dai ku kai wa maƙeri ya auna nauyinta. Tsuntsun kam ya tafi, ba zai dawo ba. Ba zan yaudare ku ba: da ba a taɓa ta ba, da ta saya muku sa. Yanzu sai maraƙi."

Matar ta rufe fuska da gefen mayafi. Mijin ya miƙa azurfar, ya karɓi kuɗin maraƙi. Da baƙon ya tafi, ya zo ya tsaya kusa da ita ya ce, "Me ya hana ki goge ɗaya gefen?"

Ta ce, "Kallonta na tsaya yi, Maigida. Na ga Kaka a bakin kogi."

Ya ce, "To, share hawayenki. Gobe ki ɗauko fartanya, bana ni da ke ne shanun."

A daminar nan da hannu suka yi huɗa, rabin gonar kaɗai suka iya nomawa. Maraƙin yana ɗaure a gindin mangwaro yana kallonsu. Sai bayan damina biyu ya shiga garma.

Ma'anar wannan misali ita ce: azurfar nan ni ce, ke ce, kai ne. Allah ne ya yi mu, ya sa kamanninsa a kanmu, ya bar alamar hannunsa a inda ido ba ya saurin gani. Baƙin nan kuwa ba zunubi ba ne, domin zunubi kam Yesu ne mai wankewa, ba toka ba. Baƙin shi ne hanyar da muka biyo: gidan talakawa da aka haife mu, karatun da bai yi nisa ba, hannun da fartanya ta sa ya yi kanta, hawayen da muka yi ba wanda ya sani. Toka da yashi su ne tsoron bakin mutane. Saboda baƙon da zai zauna minti goma, mukan goge kanmu, mu canja murya, mu ɓoye iyayenmu, mu ari abin da ba namu ba, har zanen Allah ya fara shafewa, mu kuwa muna murna muna ƙyalli.

'Yan'uwana, matar nan ba mugunta ta yi ba, kunya ce kawai, amma rabin gona ya kwana ba shuka. Abin da ya ceci sauran shi ne ta tsaya ta duba. In akwai gefen da kin riga kin goge, kada ki fid da zuciya, Ubangiji ba ya jefar da mu don haka. Shi yakan juya mu a tafin hannunsa, ya nemi gefen da muke ɓoyewa, a nan yake gane nasa. Kafin Lahadi mai zuwa, ki ajiye tokar, ki zauna, ki dubi fuskar da ya zana.