Ragon Sunan Shagon Hajiya Bibata

Akwai wani mutum a Gaya ta bakin iyaka ana ce masa Halidu. Ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, amma ko yana kan moton, a ransa shi babban attajiri ne da duniya ta makara wajen ganewa. Yana son farar shadda da turare, yana son in ya iso fada, majalisar hira da shayi, a tashi a ba shi kujera. Na san wasunku za su ce siffar ta yi kama da mai wannan shafi. Ban yafe ba. Na fi shi tsawo, kuma turarena ya fi nasa tsada.

Bayan sojoji sun karɓi mulki aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanville, garin da ke ƙetaren kogi, sai kasuwa ta koma bakin kogi da cikin waya. Kaya na tsallakawa a kwale-kwale, ciniki kuma a portabul, wato wayar hannu. A lokacin ne Halidu ya gano wata sana'a.

Duk mai son buɗe sit, wato shafin kansa a intanet, sai ya yi rajistar suna, wato adireshin da mutane za su rubuta su same shi. Wanda ya riga yin rajista shi ne mai shi, ko da sunan shagon wani ne. Ana saye da araha a ajiye. Ranar da mai shagon ya farka ya zo nema, sai a tsuga masa kuɗi.

Halidu bai yi shawara da kowa ba ya sayar da motonsa. Ya bi kasuwa yana karanta allunan shaguna, ya koma gida yana saye sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Matarsa Ladi ta ce, "Malam, to ina kayan da ka sawo?"

Ya nuna mata waya. "Ga su nan."

"Ni ban ga komi ba."

"Ai shi ya sa duwan, masu kwastan, ba su iya kama su," in ji shi, yana gyara hula.

Cikin sunayen da ya kama har da Albarkar Dendi, shagon bandar kifi na Hajiya Bibata. Sunan nan yana jikin kwalayenta tun da daɗewa, an san shi daga Kamba har Parakou. Da hanya ta rufe, ɗiyarta Kadija, wadda ke kula da masu oda, ta ce a buɗe sit don baƙi su riƙa ganin kaya daga nesa. Ta je yin rajista ta tarar an riga ta. Ba ta sha wahalar gano ko wane ne ba, domin Halidu da bakinsa yake ba da labari a fada.

Hajiya ta aika a kira shi. Ya iso rumfar banda cikin farar shadda, yana kore hayaƙi da hannu.

"Fofo, Hajiya," ya gaishe ta da yaren Dendi.

"Halidu ɗan Saratu, ashe kai ne ɓarawon sunana?"

"Subhanallahi, Hajiya! Adana miki shi na yi, kar wani ɗan Kwatano ya ɗauke."

"To Allah shi yi maka albarka. Faɗi abin da ka kashe in ninka maka, in haɗa maka da kwandon kifi ka kai ma Ladi."

Halidu ya miƙa hannu ya ɓalli kifi daga kan ragar banda ya kai baki. "Albarka, Hajiya."

"To nawa?"

"Miliyan biyu. Don ke ce."

Hajiya ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta. "Sunan da ni na raɗa da bakina, ina nan ina hura wuta, kai kana yawo ba wando?"

"Zamani ne, Hajiya. Kuma in kin daɗe kina tunani, farashin shi ma ba zaune yake ba."

Ta dube shi ta ga ƙurar da ta yi wa takalminsa fari, ta tuna da uwarsa da suka yi tallar fura tare. Sai ta sassauta murya.

"Na ji ka sai da motonka. Zan saya maka sabo fil, a leda. Ka ba ni sunana, ka koma neman abincinka."

Kadija ta zaro ido. Jama'a, wannan tayi ko ni aka yi wa, da hannu biyu zan karɓa, duk da darajata. Amma Halidu ya ƙara ɓallar kifi.

"Moto na yara ne, Hajiya. Ni yanzu ƙatuwar mota kat-kat nake hange."

Hajiya ta ci gaba da juya kifi. Can ta waiwaya wajen ɗiyarta.

"Kadija, sabon suna nawa yake a wurin nan naku?"

"Bai kai kuɗin kwandon kifi ba, Inna. Amma wa zai san shi? Kowa tsohon ya sani."

"Jariri ma da ba wanda ya san shi aka haife shi," in ji Hajiya. "Halidu, tashi ka tahi. Ka gaida Ladi."

Ya fita yana murmushi, ya gaya wa 'yan fada cewa tsohuwa ta kusa karaya.

Ba a jima ba sai ga goro da dabino suna yawo gida gida. Hajiya Bibata tana gayyatar suna ranar Juma'a da safe. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce Kadija ce ta haihu ba a ga ciki ba. Wasu marasa kunya suka ce Hajiyar ce da kanta. Sai masu rabon goro suka warware zance: shago za a raɗa wa sabon suna. Aka kawo wani ƙaton balami aka ɗaure a ƙofar rumfa, kowa ya wuce sai ya tsaya ya kalle shi.

Da farko Halidu dariya ya yi. Daga baya ya zauna ya yi lissafi. In ya san sabon sunan kafin Juma'a ya riga su rajista, ya kama Hajiya sau biyu ke nan. Matsalar ɗaya ce: a garin nan ba a faɗin suna kafin ranar suna. Ko kakar jariri sai ta jira.

Sai ya tuna da Isa maroƙi, wanda shi zai yi shelar sunan, kuma taubashinsa ne, abokin wasa tun suna yara. Ya same shi wajen mai tsire.

"Isa, ɗan'uwana na kaina."

"Yau kuma ni ne ɗan'uwa? Jiya ka wuce ni kamar ka ga tunkiya. Mi kake so, bawana?"

"Sunan nan. Na san an gaya maka."

Isa ya dubi tsire, ya dubi sama. "Da yunwa ba na tuna komi."

Aka kawo tsire. Isa ya cinye, ya suɗe yatsu, ya jawo kunnen Halidu. "Ni'imar Kogi. In ka faɗa ma wani, ban san ka ba."

Nan take Halidu ya yi rajista. Washegari Isa ya aiko masa cewa Hajiya ta sake shawara. Aka koma wajen mai tsire, aka samu wani suna. Bayan wannan kuma wai liman ya ce sunan bai yi daɗin faɗi ba. Haka aka yi ta yi, Isa na ƙiba, sauran kuɗin moto na narkewa. Gaskiyar magana, Isa bai san komai ba. Yana tauna nama yana ƙirƙiro sunayen.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi tun daga rumfa har bakin titi. 'Yan kasuwa sun zo, masu kwale-kwale sun zo, abokan ciniki sun tsallako daga Malanville, wasu sun taso daga garuruwan Bana da Karakara. Wanda bai samu zuwa ba, ɗan'uwansa ya ɗaga waya yana ɗaukar masa.

Halidu ya zauna a sahun gaba. Ya riga ya gane Isa ya ci shi, amma bai fid da rai ba. Waya na hannunsa, babban yatsa a shirye. Da an faɗi suna zai rubuta, kafin a shafa fatiha ya zama nasa.

Liman ya yi addu'ar Allah ya sa albarka a nema. Hajiya ta raɗa masa magana a kunne, shi kuma ya raɗa wa Isa. Isa ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ja lokaci yana kirari. Sannan ya kwarara murya:

"Jama'a, sunan jaririya Yalwar Gaya! Allah shi raya ta!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Halidu ya rubuta da sauri, ya danna. Waya ta ce an riga an kama wannan suna. Ya ce rezo ne, sabis ya yi rauni, ya ɗaga ta sama, ya sake dannawa. Amsa ɗaya.

Kadija ta leƙo ta kafaɗarsa. "Kawu Halidu, kar ka wahal da yatsanka. Tun kafin a sawo goro na yi rajista."

Kafin ya rufe baki aka fito da sababbin kwalaye, sabon suna a jikinsu da jan fenti. Aka yanka rago. Kafin azahar, labarin shagon da aka yi wa suna da balami ya kai duk inda kifin Hajiya ke zuwa, har inda bai taɓa zuwa ba. Mutane na dariya suna turawa, kowa ya tura kuma ya haddace sunan.

Da taro ya fara raguwa, Halidu ya rarrafa wajen Hajiya, ya durƙusa, farar shadda a ƙasa.

"Hajiya, na yi tunani. Maganar moton nan, na sallama."

"Wane moto?"

"To rabin kuɗinsa."

"Halidu, mi zan yi da sunan da ba kowa a cikinsa?"

"Abin da na kashe kawai. A'a, ki karɓa kyauta. Don Allah."

Kadija ta ce, "Inna, duk shekara sai an biya ma sunan kuɗin haya. Shi ya sa yake son ya sauke."

"Ashe har ci yake yi?" in ji Hajiya. "To riƙe abinka, ka yi ta kiwo."

Isa da ke gefe yana jiran kasonsa bai bar wannan dama ta wuce ba. Ya ɗaga murya yadda na bakin titi za su ji:

"Ga Halidu ɗan Saratu! Sunaye cike da waya, ko ɗaya ba mai amsawa! Mai Suna Ba Jariri, a gaishe ka!"

Wurin ya kece da dariya, har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Hajiya ta bari aka gama, sannan ta sa aka naɗe cinyar rago guda ta miƙa masa. Ni da na zo tun da sassafe na taya shimfiɗa tabarma, ƙashi aka ba ni, amma ba komai, Allah na gani.

"Wannan na Ladi ne, ba naka ba," in ji ta. "Gobe ka zo da wuri. Akwai moton shago da ke kai kwalaye bakin kogi, ba shi da direba. Kuma ka bar shaddar nan a gida."

Halidu ya karɓa da hannu biyu, bai ce albarka ba.

Yau in ka je bakin kogi ka tambayi Halidu, sai a ce wane Halidu. Amma ka ce Mai Suna Ba Jariri, har masu kwale-kwalen ƙetare za su nuna maka shi. Ya taɓa samun Isa a keɓe, ya saya masa tsire, ya tambaye shi nawa zai biya a janye sunan.

Isa ya cinye tsiren tas, ya goge baki.

"Haba bawana. Wannan ai kyauta na ba ka, ba na sayarwa ba ne."

Darasi: Suna ba ya da daraja sai da aikin da ke bayansa da mutanen da ke kiran sa. In ka riƙe abin wani don ka matse shi, aka yi maka tayin mutunci, ka karɓa tun ana yi da kai, domin mai haƙuri yana iya tashi ya bar ka da abinka a hannu. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai su ma su amfana. Masu karantawa su yi dariya su wuce ba su tura ba, ina ganin ku, kuma raina ya ɓaci.