Kana da Ƙasa?

Ku gyara zama ku saurara, domin yau ku ne alƙalai.

Barista Zuwaira Isiyaku ta yi shekara tara tana aikin lauya kafin ta koma jami'a neman digiri na biyu a fannin dokokin ƙasa da ƙasa. Ta zaɓi ta yi bincike a kan mutanen da babu ƙasar da ta yarda cewa nata ne. Ta tsara tambayoyinta da Turanci, ta juya su zuwa Hausa da kanta, ta tafi wani ƙauye a bakin iyakar Najeriya da Nijar. Duk wanda ta samu sai ta tambaye shi, "Kana da ƙasa?" Mutum ɗari da arba'in suka ce babu. Ta dawo da murna, ta rubuta kundi mai kauri. A shafin sadaukarwa ta rubuta: "Ga dukkan marasa ƙasa na duniya."

Saura mako biyu ta kare kundin a gaban malamai, tana falo tana sake sauraron muryoyin da ta ɗauko, Gwaggo Talatu na gefe tana gyaran zogale. Gwaggon nan ita ta raine ta. Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma idan abokan karatu suka zo gidan, Zuwaira kan ce mata ta shiga ciki ta huta. Sai aka ji muryar wata tsohuwa tana cewa, "Ina ni ina ƙasa, 'yar nan? Ta mai gari muke ci."

Gwaggo ta ce, "Allah sarki, ba ta da gona."

"Ba gona ba, Gwaggo. Ƙasa. Kamar Najeriya."

"Ke dai Barista! Wa ke cin Najeriya? Ƙasar noma take nufi. Aro suke yi a wurin mai gari. Maido baya ki ji."

Ta maido baya. Ta saurari na biyu, ta saurari na goma, har na arba'in. Duk gona suke nufi. Harshen da ta sha a nono ne ya kayar da ita, kuma a gaban matar da take ɓoyewa. Da ba don kunnen Gwaggo ba, da ta tsaya gaban masana ta rantse a kan abin da babu shi.

Washegari ta je ofishin Farfesa Ɗanjuma Bawa, wanda ke duba aikinta. Ya riga ya sa hannu cewa kundin ya kammala. Ta faɗa masa komai, idonta a ƙasa. Dokar sashen da take karatu kuwa ita ce, wanda ya janye kundi bayan an sa rana, ya faɗi ke nan. Farfesa ya ɗauki hularsa ya tafi taron kwamiti. A gaban abokan aikinsa, har da waɗanda suka daɗe suna jiran ya yi tuntuɓe, ya ce, "Laifina ne. Ni ma Bahaushe ne, na karanta tambayar nan sau uku ban ga komai ba. Idan za a kayar da wani, a fara da ni." Aka rubuta maganarsa a takardar taro, aka ba Zuwaira wata uku. Wannan shi ne malamin da ta sha faɗa wa 'yan ajinsu cewa ya tsufa, ba ya karanta abin da ake ba shi.

To, amma wata uku na me, tunda kundin ya zama fanko? A ajinsu akwai Isufu Mahamman, mutumin Maraɗi, wanda ya yi karatunsa na farko da Faransanci. Turancinsa na tafiya da ɗingishi, har Zuwaira ta taɓa roƙon a cire shi daga rukuninsu kada ya ja musu baya. Ya sani sarai. Duk da haka shi ya same ta a ɗakin karatu ya ce, "Hajiya Barista, na ji labari. Dokarmu ta zama ɗan ƙasa a Nijar da Faransanci take, ni kuwa shi ne kaɗai abin da na iya."

Ya ajiye nasa aikin, ya fassara mata dokar sashe bayan sashe. Ya raka ta ƙauyen, suka bi gida gida, suna tambayar inda aka haifi mutum, da wace takarda yake riƙe da ita. A cikin ɗari da arba'in ɗin nan, suka sami mutum goma sha ɗaya da ba su da takardar ko'ina, kowane ɓangare na cewa na wancan ne. A kansu ta gina sabon kundi, siriri amma na gaskiya, ta kare shi, ta ci.

Ranar da za ta kai shi a ɗinke shi a sa masa bango, ta buɗe shafin sadaukarwa, ta ga tsohon rubutunta, kunya ta sake rufe ta. Ta goge shi. Shafin godiya yana ɗaukar kowa da kowa, amma al'adar sashen ita ce, sadaukarwa suna ɗaya tak ake sawa. Ta rubuta Gwaggo, ta tuna hular Farfesa. Ta rubuta Farfesa, ta tuna Isufu a ƙofar gidajen mutane cikin rana. Babu ɗayansu da ta taɓa ba haƙuri, babu kuma wanda ya nemi ta ba shi.

To, jama'a, shafin nan har yanzu fari ne. Wadda ta ji kuskuren, ko wanda ya ɗauki laifin, ko wanda ya nemo gaskiyar: sunan wa za ta rubuta?