Sarki Nomau da Ruɓaɓɓen Gungume

Masu ba da labari sun ce a can wata ƙasa mai nisa, inda duwatsu suka gangaro bakin teku, akwai wani daji da bai san rani ba. Yau ruwa, gobe yayyafi, ga sanyi mai shiga ƙashi. Itatuwansa sai mutum ya dafe hula kafin ya hango kansu, gansakuka kuwa ta lulluɓe kome.

Sarkin wurin, Nomau, mutum ne mai son tsabta da son girma. Wata safiya ya fita kewaya da fadawa, ya taka wani ruɓaɓɓen gungume, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin taɓo. Fadawa suka yi ta sannu, amma ya ga kafaɗunsu na rawa. Nan take ya ce a kwashe duk gungumen da ke kwance a dajin a zuba a teku, a fara da wannan.

Ana ɗaura igiya sai wata tsohuwar katantanwa ta leƙo daga ƙarƙashin ɓawo. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gidana ne. A bari in fito."

Sarki ya ce, "Yi sauri."

"Ni? Gara ka zauna, ai ka riga ka gwada wurin. Kafin in fito sai in ba ka labarin Dogo da beyar."

Abin ya sosa wa Sarki rai, amma ba ya iya barin labari ya wuce shi. Ya ce, "Yaya aka yi?"

Katantanwa ta ce: "An yi wani itace a bakin rafi, Dogo, wanda ya fi kowa tsawo. Duk shekara idan kifaye suka hauro daga teku don yin ƙwai, sai beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi, ta kamo su ta zauna a gindinsa. Ta ci rabi, ta bar rabi ya ruɓe, ta yi kashi, ta tafi. Rannan Dogo ya ce, 'Ke ƙazama, nemi wani wuri. Ni ɗan gidan tsabta ne.' Beyar ta lashe baki ta ce, 'Gidan wa? Ashe ba a ba ka labarin iri biyu ba?' Dogo ya ce, 'Wane iri?'

"Beyar ta ce: 'Iri biyu suka faɗo rana ɗaya. Na farko ya sauka a ƙasa mai kyau. Na biyu iska ta jefa shi kan gawar kakarsu, wata tsohuwar itaciya wadda ta daɗe da faɗuwa tana ruɓa. Na ƙasa ya yi ta masa dariya, har ciyayi suka rufe shi, duhu ya kashe shi. Na kan gawa kuwa ya samu haske da laima da abinci, ya miƙa saiwoyi ta gefenta har ƙasa. Kaka ta narke, ta bar rami. Leƙa tsakanin ƙafafunka, Dogo. Kogon nan da nake fakewa ciki, makwancin kakarka ne. A kan gawa ka tsiro, da warin kifina kake ƙiba.'

"Dogo bai ji ba. Ya dinga jefo mata rassa har ta ƙaura. Ya samu tsabta, ranka ya daɗe: ba ƙuda ko ɗaya a gindinsa. Bayan 'yan shekaru ganye ma ba ko ɗaya a kansa."

Sarki ya sunkuya ya duba gungumen, sai ya ga ƙananan tsirrai jere a kansa, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Ya ɗaga kai, ga manyan itatuwa su ma a jere, kowanne da kogo a gindinsa. Irinsu ake sara a yi ginshiƙan fadarsa.

Ya ce a kwance igiya, a bar kowane gungume inda yake. Sannan ya rage murya ya ce, "To, Iya, wa zan hukunta? A gaban jama'a fa na faɗi."

"Takalminka, ranka ya daɗe. Shekara arba'in gungumen nan yana kwance, bai taɓa zuwa fada ya taka kowa ba."

Sarki Nomau ya yi dariya, fadawa suka samu damar sakin tasu. Ya tuɓe takalman, ya riƙe su a hannu, ya kewaye gungumen ya wuce.