Randar Malam Ubaidullahi

Akwai wani maƙeri a Rurum Tsohon Gari, Malam Ubaidullahi, wanda ya fara da gyaran famfon tuƙa-tuƙa a wata rumfa a gindin darbejiya. Shekara talatin yana fama, har rumfar nan ta zama kamfani a Rano mai ma'aikata arba'in, suna zuba kawunan famfo da makullan bututu na tagulla. Ikon Allah sai kallo!

Tsohon yana da wata al'ada. Duk zubin da aka yi, sai ya jefa guda ɗaya a randa ya kwana uku, sannan ya sha ruwan. Ɗansa Uzairu, injiniyan kamfanin, kunyar abin yake ji.

Wata shekara hukumar ruwa ta ba su aikin kan famfo dubu biyu, na makarantun firamare a Rano da Kibiya. Kasuwa ta mutu a lokacin. In aikin ya kuɓuce, sai rufe kamfani.

Ranar lodi, Malam ya kurɓi ruwan randa, ya tofar.

"A sauke kayan nan. Ruwan yana zaƙi-zaƙi."

"Haba Baba! Yau fa wa'adi ya cika," in ji Uzairu.

"Tagulla ba ta zaƙi, Uzairu."

Injiniya Jummai ta hukumar ta taho daga Kano a fusace. "Malam, randa ce za ta tsayar da aikin gwamnati?"

"Hajiya, ni ban yi boko ba. Ki kai a auna. In lafiya lau ne, ki karɓe aikin, na yafe."

Aka auna. Dalma ce! Ashe mai kawo musu tsofaffin ƙarafa ya cakuɗa su da dalmar batir, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara a hankali. Wallahi tsigar jikina tashi take in na tuna 'yan firamaren nan.

Jummai ta dawo, ta cire takalmi, ta durƙusa.

"Baba, na ƙara muku wata biyu, ku sake zubi. Akwai kuma kayan wasu kamfanoni uku a motata. Don Allah a jefa mini su a randa."

Uzairu da kansa ya ɗauki bokiti ya tafi ɗebo ruwa.

Darasi: Abin da ba za ka iya sha ba, kada ka miƙa wa ɗan wani. Amana a sana'a ita ke riƙe kamfani, ba girman gini ba. Ku tura wa masu sana'ar hannu da kuka sani.