Tawada a Kan Farar Rigar Fim

Akwai wani dattijo, ana ce da shi Baba Yohanna, mai sha'awar tara kayan da aka yi tsofaffin finafinai da su. Cikin dukan abin da ya tara, ba abin da ya fi ƙauna kamar wata farar riga doguwa, wadda wani ɗan wasa ya sa sa'ad da ya fito a matsayin sarki. Ba ta da ta biyu a ko'ina.

Da Kirsimeti ya gabato, sai maƙwabcinsa Tanko, mai koya wa matasan ikilisiya wasan kwaikwayo, ya zo roƙon aron rigar. Dattijon ya ba shi da zuciya ɗaya.

Tanko ya shimfiɗa ta a kan tebur, yana rubuta sanarwar wasan a gefe. Sai gwiwar hannunsa ta ture kwalbar tawada, ta zube a ƙirjin rigar. Ya figi tsumma ya shiga gogewa da ƙarfi, amma yana gogewa baƙin yana ƙara bazuwa.

Ya ce wa matarsa, "Rifkatu, bari in ɓoye ta har a gama biki, sa'an nan in san abin da zan faɗa."

Ta ce, "Maigida, kafin lokacin ta bushe. Tashi ka kai wa mai ita yanzu."

Ya tafi da ita wurin dattijon, ya durƙusa ya ce, "Baba, na ɓata maka riga. Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ƙara lalata ta."

Dattijon ya taɓa wurin da yatsa, ya ce, "Da sauran danshi. Gara da ka zo, ɗana."

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi, ya riƙa danna auduga a hankali tana tsotse tawadar, in ta yi baƙi ya canja wata. Ya ɗiga ruwan sanyi da sabulu, ya ci gaba da dannawa. Hannuwansa suka yi baƙi ƙirin, rigar kuwa ta fita fes. Da ta sha iska, ya ninke ta ya miƙa wa Tanko.

"Karɓi, ai yara suna jiranka."

Tanko ya karɓa yana hawaye. Ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya sa albarka."

Ma'anar wannan misali ita ce, rigar ita ce ranmu, wanda Allah ya ba mu amana, tawadar kuwa zunubi. In muka ce za mu goge da dabararmu, ƙarya ce take bin ƙarya. In muka ɓoye, sai ya bushe, zuciya ta taurare. Amma Yesu ya ɗauki ƙazantarmu a jikinsa domin mu tsarkaka, ya kuma sāke amincewa da mu cikin aikinsa. 'Yan'uwa, wanda ya yi kuskure a makon nan, kada ya jira gobe. Ya je wurin Ubangiji yau, zai komo da bakinsa cike da godiya.