Biri Ya Ce a Sayo Raƙumin Dawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta iso mu sha labari.

Biri ba shi da zance sai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kura. Kullum mita yake: "Rowa ce kawai. Ta sayo mana Raƙumin Dawa."

Kurege ya ce, "Malam Biri, albashin 'yan wasa yana da iyaka. Wanda ya haura, tara zai biya."

"Ta biya mana. Daga aljihuna zai fita?"

Kura ta sayo shi, ta biya tara tana dariya, sannan ta ninka kuɗin shiga. Biri ya laluba aljihu, wayam. Sai ya haye bishiya, ya ɓuya cikin ganye yana leƙen wasa. Ana zuwa hutu, Raƙumin Dawa ya miƙo wuya ya cinye ganyen tas. Masu gadi suka sauko da Biri da sanda.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗi nan.