Tahiru Maƙeri da Mashin Mai Cin Ƙarhe

Akwai wani maƙeri a Filingue, zamanin da Nasara sunka zauna ƙasar Kurfai, sunanshi Tahiru. Matarshi ta rasu, ɗiyarshi guda ta yi aure nesa. Ba wanda ya rage mishi sai ƙanenshi Kailu, wanda ke mishi zuga tun suna yara.

Kailu mutum ne mai surutu. Hannu na kan zuga-zugi, baki na zuba. Saboda shi ne manoma ke cika maƙerar, kowa da hauyarshi, ana jira ana dariya. Shi kuwa Tahiru, surutun nan na ci mishi rai.

Wata rana anka kira Tahiru bariki ya gyara sarƙar rijiya. Da zai wuce wani ɗaki, sai ya leƙa ta taga. Ya ga wani Nasara tsaye shi kaɗai gaban mashin. Ya ɗora ƙarhe, haƙoran mashin na juyawa suna cinshi kamar gara ta samu kara. Abin da magagari zai kwana biyu bai yi ba, nan take ya hito sumul. Ya dai lura da wata igiyar fata da ta bi ta rami ta shige bango, amma bai tambaya ba. Abin da ya tsaya mishi a rai shi ne mutum guda na aiki, ba mai zuga, ba mai surutu.

Da anka kawo ma bariki sabuwar mashin, sai anka ce za a sayar da tsohuwar. Tahiru ya ba da shanunshi biyu, har da wadda matarshi ta bari.

Ranar ya dawo maƙera shina taƙama, gaban mutane ya ce, "Kailu, ka kusa hutawa. Na sayi abin da ke aiki bakinshi rufe."

Kailu ya yi dariya. "Yaya, mashin nan ita ma za ta san sanda ƙarhe ya nuna?"

"Zuga har wani aiki ne? Ko jaki anka koya ma, ya iya."

Kailu ya saki zuga-zugi, ya kakkaɓe rigarshi. Washegari ya kwashe iyalinshi ya koma Sanam wajen surukanshi.

Tahiru ya gina ɗaki cikin gida, nesa da idon mutane, har da bango a tsakiya mai rami, yadda ya gani a bariki. Raƙuma sunka kawo mashin gunduwa-gunduwa, da wani gardin bariki da zai haɗa ta. Daga ƙarshe anka sauke wata ƙatuwar ƙafa ta ƙarhe irin ta keke, mai mariƙi.

"Wagga kuma ta mi ce?" in ji Tahiru.

Gardi ya ce, "Ita ke zama bayan bango. Wa zai juya maka? A bariki 'yan kaso ke juyawa, tun sahe har la'asar."

Tahiru ya ji kamar an zuba mishi ruwan randa. Ashe Nasaran nan ba shi kaɗai ba ne. Akwai mai zufa bayan bango, ba a dai ganinshi.

Bai gaya ma kowa ba. Ya rufe ƙofa, ya ce zai iya. Sai ya juya ƙafar da ƙarhi har ta ɗauki gudu, ya sheƙa ya kewayo bangon, ya kama ƙarhe. Kahin haƙoran su ci ko ƙwayar hatsi, ta tsaya. Ya koma, ya juya, ya sheƙo. Ta tsaya.

Haka ya yi ta yi, dattijo da hurhura shina tsere da kanshi cikin ɗaki.

Ya nemi ɗan haya. Kowa ya ji labarin jaki, ba wanda ya yarda. Tsohuwar maƙera ta yi sanyi, awaki na kwana cikin toka. Manoma sunka kai hauyoyinsu wani gari. In magariba ta yi, sai ya zauna gaban mashin da ƙwaryar tuwo. Wata rana ya ji bakinshi na ba ta labarin matarshi, ya tsaya shina jiran amsa. Abin da ya taɓa yaba mata, shi ta yi mishi: bakinta rufe.

Muna mai hura, taubashiyarshi ce, ita kaɗai ke shigowa. Rannan ta tarar da shi shina haki jikin bango.

"Sannu angon ƙarhe! Amaryar ta yi magana yau?"

"Muna, bar ni."

"Ai an bar ka. Duk garin ya bar ka, mi ya rage? Shanu biyu ka ba da ka sayo shiru, ga shi an cika maka mudu." Ta aje ƙwarya, ta sassauta murya. "Ƙafafun nan da kake kewaya bango da su, sun san hanyar Sanam."

Da asuba Tahiru ya ɗauki sanda da gora.

Ya iske Kailu cikin gona shina sassabe. Sunka gaisa kamar baƙi. Sai Tahiru ya ce, "Mashin nan ba ta tahiya sai da mutum."

Kailu ya ce, "Jakunan Filingue sun ƙare?"

"Na yi kuskure, Kailu. Ko ba ka juya komi ba, ka zo ka yi min surutu. Gidan ya yi min yawa."

Kailu ya share ido da bakin rawani, ya ce wai ƙasa ce ta shiga.

Da sunka iso gida, Kailu ya kewaya mashin, ya leƙa lungun da ƙafar take. Duhu, ba iska, sai rami.

"Nan zan tsaya? Yaya, ni tun ina yaro huskarka nike kallo in san sanda zan ƙara wuta. Ba ni aiki bayan bango."

Tahiru ya ɗauko masaba. Da hannunshi ya gina bangon, da hannunshi ya kai shi ƙasa. Ƙura na lafawa, ya kama mariƙin ƙafar, ya ce, "Riƙe ƙarhen. Yau ni ne jakin."

Muna na daga ƙofa ta rangaɗa guɗa.

Darasi: Duk abin da ka ga shina tahiya sumul, akwai mai zufa bayan bango. Kada ka rena hannun da ke taimakonka don ka saba da shi, kuma in ka yi kuskure, taka da ƙafarka ka ba da haƙuri tun mutumin na da rai. 'Yan'uwa, ku tura ma wasu, wataƙila akwai mai bangon da ya kamata ya rushe yau.